Hon Ɗin Da Kowa Ya Ji Ban Da Ita

Tun da aka sallamo Auta daga asibiti, ɗakinta na can ƙuryar gida ya zame mata duniya. Gado, kujera ɗaya, madubi, sai fanka da take ganin tana juyawa amma ba ta jin motsinta. Abin da take ji kullum shi ne wata siririyar ƙara a cikin kanta, irin ta rediyon da aka bari a kunne bayan tasha ta rufe.

Ita da a da kunnenta ne abincinta. Amsa kira take yi a ofishin wani kamfanin sadarwa, abin sauraro maƙale a kanta tun safe har yamma, mutane na zazzaga mata masifa a kan layinsu da ya ƙi tafiya, tana ba su haƙuri. Yanzu ko zagin ne ta samu ta ji shi raɗau, da gudu za ta karɓa. Ofishin sun yi mata kara na ɗan lokaci, daga baya suka aiko mata da kofin shayinta da rigar sanyinta a cikin kwali.

Amma ba aikin ne ke cin ranta ba. Malamin Tuƙi ne.

Koyon mota na wata guda ta je yi a wurinsa, ya zarce shekara, har maganar aure ta shigo gida. Yayanta, wanda shi ne uba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, tun farko bai so ba. Cewa yake, ina aka taɓa ba da mace ga mutumin da ofishinsa kujerar mai zaman banza ce?

Ranar da abin ya faru ita ke riƙe da sitiyari. Gajeriya ce, sai Malam ya jawo mata kujera gaba sosai kafin ƙafarta ta kai ga birki. Ana yayyafi, gilasai a rufe. Ya faɗi wani abin dariya, ta juya tana kallonsa, motar kayan da ke gabansu ta tsaya cak.

Jakar iskar da ke cikin sitiyari ta fashe daidai kan kunnenta na hagu.

Likita ya matso ta damanta ya yi mata bayani da ƙarfi. Jakar ce ta ceci ranta, in ji shi, amma ƙararta a cikin rufaffiyar mota kamar a harba bindiga ne a gefen kan mutum. Dodon kunnen hagu ya fashe, jijiyar ta taɓu. Na dama ya rage ɗan kaɗan, sai an kusanto an ɗaga murya.

Shi Malam an wuce da shi wani asibitin da karyayyiyar ƙafa. Wayoyinsu duka sun ragargaje. Tun daga ranar ba ta ƙara sa shi a ido ba, kuma watanni sun shuɗe.

Da hantsi Umma ta shigo ta zauna a bakin gado, ta dama, ta kawo bakinta kusa da kunnenta kamar yadda kowa a gidan ya koya.

"Auta, Dakta zai zo da yamma."

Dakta shi ne abokin Yaya, mai kantin magani a bakin titi. Duk unguwa Dakta ake ce masa, ko da yake ko kaza bai taɓa yi wa tiyata ba.

"Ya ce abin jin nan da likita ya gwada miki ya iso. Kuma manyansa na son zuwa ƙarshen makon nan. Amsarki kawai ake jira."

Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanin gado.

"Umma, har yanzu Malam bai zo ba? Ko aike?"

Umma ta kawar da fuska wajen taga. "Ke dai ki ci abinci, kin ga yadda wuyanki ya rame?"

"Ba abinci na tambaye ki ba, Umma."

Yaya ne ya turo ƙofa, ashe yana tsaye a waje. Shi ba ya bukatar matsowa kunnen kowa, muryarsa ko bango sai ta huda.

"Har yanzu zancen gurgun nan kike yi? Sau nawa zan gaya miki? Mutanensa sun ce ba za su haɗa zuri'a da kurma ba! Da yana sonki, ai ya san hanyar gidan nan."

"Yaya, ni na karya masa ƙafa. Ni na kashe masa motar da yake cin abinci da ita. In ya yi fushi yana da gaskiya."

"Shi ya ɗora ki a kan babban titi! Ni na ɗauko ki jini na zuba ta kunnenki, ina kiran sunanki kina kallona kamar ba ki san ni ba. Kin san yadda na ji?"

Ya juya baya ya goge ido da hannun riga, sannan ya sassauta.

"Ba zan yi miki dole ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ga mutum ya gan ki da lalurarki ya ce ya ji ya gani. Ki yi wa kanki faɗa."

Da suka fita ta jawo sabuwar wayar da Yaya ya ba ta da sabon layi. Lambar Malam na nan a kanta, ko a magagin barci za ta karanto ta. Ta rubuta masa gaisuwa, ta goge. Ta rubuta neman gafara, ta goge. Me za ta ce wa mutumin da ya ji labarin kurumtarta ya ɗauke ƙafa? Ta kife wayar ta yi kuka, kukan da ita kanta ba ta jin sautinsa sosai.

Kaɗaici mugun abu ne. Shi ya fara raɗa mata cewa Dakta ma ai mutum ne.

Bayan la'asar ta fito falo. Ba ta son wannan lokacin, don shi ne lokacin da Malam kan zo ɗaukarta a da. Bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba saboda gudun fuskar Yaya. Daga tsallaken titi zai danna hon, biyu gajeru, ɗaya dogo, ita kuma ta suri jakarta ta fita. Hon ɗin ma wani abin dariya, shaƙaƙƙe kamar akuya mai mura. Ta sha ce masa ya canza, yana cewa in ya canza ta ina ɗalibarsa za ta gane shi?

Ta lura tun da ta dawo, duk lokacin nan sai gidan ya yi wani iri. Umma kan ɗaga kai farat ɗaya, ta dubi ƙofa, ta tashi ta saki labulen tagar da ke kallon titi, wai rana na damunta. In Yaya na nan sai ya haɗe rai ya ƙure ƙarar talabijin. Auta ta ɗauka tausayinta suke ji, sun san lokacin na tuna mata da shi. Har godiya take yi musu a zuciyarta.

Dakta ya iso cikin ƙamshin turare, da farin yadi mai guga da ƙaramin akwati a hannu. Ba mugun mutum ba ne, gaskiya ɗaya ce. Matsalarsa ita ce in zai yi mata magana sai ya wage baki yana rarraba kalmomi yana nuni da hannu, kamar mai lallashin yaron goye.

"Ran... ki... ya... daɗe! Kin... wuni... lafiya?"

"Lafiya lau, Dakta. Kunnena ne ya taɓu, ba hankalina ba."

Ya yi dariya yana duban Yaya. "Ka ji ta ko? Abin da ya sa nake sonta ke nan."

Ya buɗe akwatin. Wani ɗan abu ne mai launin fata, bai kai ɗan yatsa ba. Ya miƙa wa Umma ya nuna mata yadda za ta maƙala shi a bayan kunnen dama ta tura bakinsa ciki. Ya ce ta danna ɗan maɓallin da ke sama.

Abin ya yi tsuwa, sannan duniya ta faɗo mata a kai.

Fanka. Ashe fankar falon nan ƙara take yi haka? Cokali a cikin kofi. Numfashin Umma. Famfon kicin da yake ɗiga. Auta ta dafe ƙirji, hawaye na gudu a fuskarta.

"Auta?" Umma ta kira a hankali, daga inda take tsaye, ba tare da ta matso ba.

"Na'am, Umma. Na ji ki. Wallahi na ji ki!"

Umma ta rungume ta suna kuka tare. Yaya na washe baki yana bubbuga kafaɗar abokinsa. Dakta ya gyara zama, ya gyara murya, ya fara jawabin da ga alama tun a mota yake bitarsa.

"To ranki ya daɗe, tun da yanzu kina jina, ina so kalma ta farko da za ki..."

Daga tsallaken titi hon ya tashi. Biyu gajeru, ɗaya dogo. Shaƙaƙƙe, kamar akuya mai mura.

Duk dabarar da suka ƙulla, babu wanda ya tuna cewa in an ba mutum kunne, ba a zaɓar masa abin da zai ji.

Umma ta ɗaga kai ta dubi ƙofa. Ƙafarta ta saba, har ta taka zuwa taga ta kama labule kafin ta tuna. Ta tsaya a nan da labulen a hannu.

Auta ta dubi hannun. Ta dubi Yaya, wanda ya riga ya ɗauki rimot. Jikinta ya yi sanyi tun daga tafin ƙafa.

"Mene ne wannan?"

"Masu wucewa ne," in ji Yaya.

Hon ɗin ya sake tashi. Biyu gajeru, ɗaya dogo.

"Umma." Auta ta juya gare ta. "Ki dube ni. Don girman Allah ki dube ni. Tun yaushe?"

"Auta, ki zauna tukuna..."

"Tun yaushe, Umma?"

Umma ta saki labulen ta zube a kan kujera ta rufe fuska da mayafi.

"Tun ranar da aka sallame shi. Kullum. Ko ana ruwa."

"Umma!" Yaya ya daka tsawa.

"Bar ni in faɗa, na gaji! Kullum in na ji hon ɗin nan sai in ji kamar a kan ƙirjina ake danna shi." Ta juyo ga Auta. "Da sanduna ya fara zuwa, har bakin get. Yayanki ya tare shi ya ce kin warke sarai, kin ce ba kya son ko jin sunansa, kuma kar ya kuskura ya ƙara taka ƙofar gidan nan. Sai ya ce to, titi dai na kowa ne. Wata tsohuwar mota ya samu, hon ɗin waccan ya ciro ya ɗaura mata."

"Mutanensa fa? Da suka ce ba za su haɗa zuri'a da kurma ba?"

Umma ta girgiza kai. "Ba su ce ba. Ba su ma sani ba. Shi kansa bai san ba kya ji ba."

Auta ta yi wata dariya marar daɗi.

"Wato yana can yana kira, ina nan ina kuka, bango ɗaya tsakaninmu. Ku kuma kuna ji. Kullum kuna ji, kuna kallona ina ramewa, kuna cewa in ci abinci."

"Don ke na yi!" Yaya ya miƙe tsaye. "Mutumin da ya mayar da ke haka, shi zan ɗauke ki in ba? Gurgu da kurma, wa zai riƙe wani?"

"Da makaho aka yi wa haka, aka bar shi yana lalube ga ƙofa a gabansa, me za ka kira wanda ya yi, Yaya? Ciwona ka ɗauka ka kulle ni da shi. Ni da nake ganin duk duniya ba ni da kamarka."

Yaya ya koma ya zauna.

Ta juya ga Dakta. "Kai ma ka sani?"

Ya sunkuyar da kai yana juya murfin akwatin. "Nakan gan shi in zan shigo. Na ɗauka zai gaji." Ya ɗago, idonsa ya kaɗa. "Ni dai ina sonki, wannan ba ƙarya ba ne."

"Na yarda."

Ta kai hannu bayan kunnenta. Umma ta zabura ta riƙe ta.

"A'a, Auta! Kar ki cire! Yanzu fa kika fara jin muryata!"

Nan ne zuciyarta ta kusa karyewa. Ta tsaya ta saurari fanka, ta saurari famfo, ta saurari shessheƙar mahaifiyarta, kamar mai shan ruwa kafin doguwar tafiya.

"Ba kyauta ba ce, Umma. Amsa ake jira a kansa, kuma ba ni da amsar da zan bayar."

Ta zare shi. Komai ya ɗauke, siririyar ƙarar nan ta dawo mazauninta. Ta ajiye abin a tafin hannun Dakta.

"Na gode. Ka ba ni abin da ba ka yi niyya ba, Allah ya saka maka."

Ta ja mayafinta ta nufi ƙofa. Yaya ya sha gabanta, jijiyar wuyansa a miƙe, yana nuna get yana nuna ta. Wannan karon ta juya masa kunnen hagu. Ba ta bukatar ji, ta san abin da yake faɗa: in ta fita, ta fita ke nan.

Ta raɓa ta gefensa ta wuce.

Rabonta da titin har ta manta faɗinsa. Motoci na wucewa shiru kamar a mafarki, ta dubi hagu ta dubi dama ta sake dubawa, don yanzu ido ne kaɗai mai tsaronta. A tsallake, ƙarƙashin bishiyar da ya saba tsayawa, ga wata tsohuwar mota mai ƙofa ɗaya daban da launin sauran. Fitilar sigina na ƙiftawa, tayoyin gaba sun karkata wajen titi. Tafiya zai yi.

"Malam!"

Ba ta san ƙarfin da ta kira shi da shi ba, sai da ta ga mai gyaran taya na gefe ya waiwayo a firgice.

Motar ta yi tsalle ta mutu. Shi da yake koya wa mutane sakin kuloci a hankali.

Ya buɗe ƙofa, ya fara fito da sanda, sannan ƙafar, sannan shi. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya jingina da motar yana kallonta har ta tsallako ta tsaya a gabansa.

Sai ya sunkuyar da kai ya fara magana.

Haka yake tun asali, murya ƙasa-ƙasa, ido a kan takalminsa, ko ɗalibi ya kusa kai su rami ba ya ɗaga murya. Tana ganin gemunsa na motsi. Tana ganin hawaye na ɗiga a kan hannun da ya riƙe sanda. Maganar watanni ce ya tara yake juye mata, wataƙila ban haƙuri, wataƙila ban kwana. Duk abin da ta kwana ta tashi tana roƙon Allah ta ji, ga shi ana faɗa a gabanta, ko kalma ɗaya ba ta shiga.

Ta bar shi har ya kai aya. Ya ɗago yana jiran amsa.

"Malam, ban ji ba."

Ya ɗan yamutsa fuska, ya buɗe baki zai maimaita.

"Ba na ji. Tun ranar. Jakar nan da ta fashe, ta tafi da kunnena. Na hagu ya mutu, na dama sai an yi ihu. Ba ƙin fitowa na yi ba. Yau na fara jin hon ɗinka, shi ma da aron kunne."

Sandar ta suɓuce daga hannunsa. Ya dubi kunnenta, ya dubi gidan, ya dubi hannunsa, hannun da ya jawo mata kujera har ƙirjinta ya kusa taɓa sitiyari. Leɓensa ya motsa, wannan kam ta karanta shi sarai.

"Ni ne."

"Ni na juya ina kallonka. Kuma ko yau aka sake, sai na juya." Ta share fuska da bakin mayafi. "Ga ni nan yadda nake. Ba aiki, ba kunne. In za ka tafi, ka tafi da saninka, ba da ƙaryar wani ba. Amma ka ɗaga kai in za ka yi mini magana, bakinka nake kallo."

Idonsa ya wuce ta kan kafaɗarta ya tsaya, fuskarsa ta canza. Ta waiwaya.

Yaya ne a bakin get. Ya ajiye jakarta ta zuwa aiki a waje, a kan dakali, ya dube ta ido cikin ido, ya koma ciki ya turo ƙofar ƙarfen. Ta ga ƙura ta tashi daga ƙarƙashinta. A taga, labule ya ɗan ɗaga, hannun Umma na riƙe da shi.

Auta ta dafa gaban motar, ƙarfen da ɗumi a tafin hannunta.

Malam ya dube ta, ya dubi hannun nata. Ya ja ƙafarsa da ƙyar, ba sanda, yana dafa jikin mota har ya kai tagar direba. Ya zura hannu ciki, ya ɗaga kai sosai yadda za ta ga fuskarsa.

Sai ta ji hon ɗin ya taso ta cikin ƙarfen, ya ratsa tafin hannunta ya hau har kafaɗa.

Biyu gajeru, ɗaya dogo.

"Na fito, Malam," ta ce.